Faɗuwar da aka manta da ita, da tabon da ya fito bayan shekara shida

Ɗiyar ƙanwata tana da shekara 7 da 'yan watanni lokacin da ta yi famfarar haƙoranta na gaba na sama, kuma kamar sauran yara ta yi makonni tana rufe baki da tafin hannu don kada ƙadangare ya ga giɓin ya hana sabon haƙori fitowa. Na dama ya fito lafiya lau, fari tas. Na hagu kuwa ya yi jinkirin kusan wata 5, da ya leƙo kuma sai ga shi da tabo mai ruwan ɗorawa, faɗinsa bai wuce ƙwayar dawa ba, da 'yar lotsawa a tsakiya kamar an danna farce a ɗanyen yumɓu. Uwarta ta ɗauka dauɗa ce, ta goge da buroshi, ta goge da asuwaki, har da gawayi ta gwada, tabon yana nan daram. Da muka kai yarinyar wurin likitan haƙori, bai daɗe yana dubawa ba ya ɗago kai ya tambaye mu ko ta taɓa faɗuwa ta bugi baki tun tana ƙarama, wajen shekara ɗaya zuwa biyu. Ni da uwarta muka dubi juna muka ce ba mu tuna ba. Sai da muka koma gida muka ba Inna labari, ta ce, "Ashe kun manta ranar da ta faɗi a bakin dakali?"

Nan take abin ya dawo mana. Tana da wata 16 a lokacin, ba ta daɗe da fara tafiya ba, ta biyo kaza da gudu da ludayi a hannu, ƙafarta ta harɗe, ta kifa da baki a gefen dakalin siminti da ke ƙofar ɗakin Inna. Jini ya cika mata baki, da aka wanke kuma sai aka ga haƙorin gaba na hagu ya ɓace, in ban da ɗan farin bakinsa da ke leƙowa daga cikin dasashin da ya kumbura ya yi shuɗi. Haƙorin bai fita ba, nutsewa ya yi cikin dasashi kamar ƙusar da aka buga da guduma. Wata maƙwabciya ta ba da shawarar a kira wanzami ya zaro shi tun bai ruɓe a ciki ba, Inna ta ce a'a, a bar shi, ai haƙorin nono ne, ko ya lalace wani zai fito. Bayan wata 4 ko 5 haƙorin ya sauko da kansa ya koma layin 'yan uwansa, kowa ya manta da zancen.

Na daɗe ina juya maganar nan ta Inna, domin rabinta daidai ne, rabinta kuma kuskure ne da kusan kowane gida ke yi. Ta yi daidai da ta hana a taɓa haƙorin. Inda ta kuskure shi ne zaton cewa abin da ya sami haƙorin nono a kansa yake ƙarewa, alhali wanda zai gaje shi yana kwance a ƙarƙashinsa tun yaron yana goye, kuma ana cikin gininsa a daidai lokacin da yaro ya fi yawan faɗuwa.

Haƙoran nono guda 20 ne, na farkonsu kan ɓullo wajen wata 6, su kammala fitowa kafin yaro ya cika shekara 3 ko kusa da haka. Abin da yawancin iyaye ba su sani ba shi ne, haƙoran gaba biyu na sama na dindindin, waɗanda ba za a gan su ba sai yaro ya kai shekara 7 zuwa 8, sukan fara ƙwari a cikin ƙashin muƙamuƙi tun jariri yana da wata 3 zuwa 4, wato tun kafin ko haƙori ɗaya ya fito a bakinsa. Kan haƙorin, sashen da ake gani idan mutum ya yi murmushi, ba ya gama haɗuwa sai wajen shekara 4 zuwa 5, saiwarsa kuma sai wajen shekara 10. A duk tsawon shekarun nan na farko tsiron haƙorin yana zaune ne cikin wata 'yar jaka mai taushi, a sama da saiwar haƙorin nono kuma ta bayanta kaɗan wajen ganɗa, kuma abin da ya raba su bai wuce siririn ƙashi da tantani ba. Idan bugu ya tura haƙorin nono sama, tsinin saiwarsa na iya sokar jakar ko ya danne ta, kuma ko bai taɓa ta ba, girgizar bugun da jinin da ya taru a wurin suna iya isa gare ta.

Farin ɓawon nan mai ƙyalli da ya rufe haƙori shi ne abu mafi tauri a jikin ɗan Adam, ya fi ƙashi ma, amma yana da rauni guda: ƙwayoyin halittar da ke gina shi aiki ɗaya suke yi a rayuwa, da zarar haƙori ya fito sun ƙare ke nan. Ƙashi idan ya karye yakan ɗinke, fata idan ta yanke takan warke, ɓawon haƙori kuwa ba shi da mai gyara. Ƙwayoyin suna fara aiki ne daga bakin haƙori, suna shimfiɗa ɓawon sannu a hankali zuwa wajen saiwa, kamar magini da ke ɗora tubali sahu bayan sahu. Idan bugu ya same su suna tsakiyar aiki, sahun da suke kai a ranar shi ne zai lalace, sannan su ci gaba da sauran ginin kamar ba abin da ya faru. Wannan ne ya sa likitan ya iya ƙiyasta mana shekarun yarinyar a lokacin faɗuwar ba tare da mun gaya masa ba, domin tabon nata yana kusa da bakin haƙorin ne, inda ginin ya kai lokacin tana shekara ɗaya da 'yan watanni. Da tana shekara 3 ta faɗi, da tabon ya fi kusa da dasashi.

Illar ba iri ɗaya ba ce, kuma likitan da ya fi kowa bin diddiginta shi ne Jens Ove Andreasen na Kofanhagan a ƙasar Danmak, wanda shi da abokan aikinsa suka wallafa bincike a 1971 a kan abin da raunin haƙoran nono ke yi wa magadansu, kuma har yau rabe-raben da suka yi ake koyarwa a makarantun likitancin haƙori. Mafi sauƙi kuma mafi yawa shi ne tabo fari kamar alli ko mai ruwan ɗorawa a haƙorin da siffarsa ba ta canza ba. Sai wanda ɓawon ya yi rami ko tsagi, irin na ɗiyar ƙanwata. Idan bugun ya yi tsanani har ya gusar da sashen haƙorin da ya riga ya yi ƙwari daga kan sashen da ke da taushi, sai ginin ya ci gaba a karkace, haƙorin ya fito a tanƙware, ko kuma saiwarsa ta lanƙwashe kamar lauje har ya kasa fitowa sam, ya maƙale a cikin ƙashi sai an yi aiki an jawo shi. Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, to haƙori ma haka ne, sai dai wannan tanƙwarar ba ta miƙuwa. A wasu lokuta, waɗanda ba su da yawa, saiwar kan tsaya da girma gaba ɗaya, ko tsiron ya dagule ya zama dunƙulen da ba shi da siffar haƙori.

Abubuwa biyu ne suka fi nuna yadda illar za ta kasance. Na farko shekarun yaro: gwargwadon ƙanƙantarsa, gwargwadon haɗarin, kuma waɗanda ba su kai shekara 3 ba su ne suka fi shiga ciki, domin a lokacin ƙashin yana da taushi, tsiron kuma bai yi nisa ba. Na biyu irin raunin: nutsewar haƙori cikin dasashi ita ce kan gaba, sai ficewarsa gaba ɗaya, haƙorin da ya ɗan ɓantare ko ya yi girgiɗi kawai kuwa bai cika barin wata alama ba. Abin damuwar shi ne shekarun haɗarin su ne shekarun koyon tafiya, lokacin da kan yaro ya fi ƙarfin jikinsa kuma bai iya tare ƙasa da hannu ba tukuna. Wani nazari da aka wallafa a 2018, wanda ya tattara binciken ƙasashe da yawa, ya nuna cewa sama da kashi 20 cikin 100 na yaran duniya sukan ji rauni a haƙoran nono, kuma haƙoran gaba na sama ne suka fi shan bugun. A gidajenmu kowa ya san wuraren da abin ke faruwa: bakin dakali, gefen turmi, ƙarfen gado, matakalar bene, da bayan yayar da ba ta wuce shekara 7 ba amma an ɗaura mata goyo da majanyin da ya fi ƙarfinta. Keken koyon tafiya da ake saya wa jarirai ma ba abin yarda ba ne, har ƙasar Kanada ta haramta sayar da shi tun 2004 saboda yawan raunin da yake jawowa.

Akwai kuma hanya ta biyu da illar ke bi, wadda ta fi ta farko ɓoyewa. Haƙorin nono da ya sha bugu yana iya mutuwa a hankali, jijiyar cikinsa ta ruɓe, ruɓar ta taru a ƙarshen saiwa, daidai inda sabon haƙori yake kwance, ta yi watanni tana cin ɓawon da ake ginawa. Likitoci suna kiran haƙorin da ya fito da irin wannan lahani da sunan Turner, wani likitan haƙori na Ingila da ya bayyana shi a farkon ƙarni na 20. Ba kowane haƙorin da ya yi duhu bayan bugu ne ya ruɓe ba, wani yakan yi toka-toka na ɗan lokaci ya washe, wani ya koma ruwan ɗorawa ya zauna lafiya har ranar famfara. Alamar da ba a wasa da ita ita ce ɗan ƙurji a dasashi sama da haƙorin, mai fashewa ya fitar da mugunya ya sake dawowa, ko kumburin leɓe da fuska, ko yaro ya riƙa ƙin tauna da wurin. Idan aka ga haka, haƙorin nonon ya zama barazana ga magajinsa, kuma a nan ne cire shi ko wanke cikinsa a asibiti yake da amfani.

Da na karanta ƙa'idojin da ƙungiyar likitocin raunin haƙori ta duniya ta sabunta a 2020, abin da ya ba ni mamaki shi ne yadda suka zo kusa da matsayin Inna. A da ana ba da shawarar cire haƙorin nono idan hoto ya nuna ya nutse ta wajen tsiron, amma yanzu shawarar ita ce a bar shi a sa masa ido, domin yawanci yakan sauko da kansa cikin wata 6, wani lokaci har shekara guda, kuma ƙoƙarin zaro shi yana iya zama bugu na biyu a kan tsiron da ya riga ya sha na farko. Haka nan idan haƙorin nono ya fice gaba ɗaya, ba a mayar da shi ramin, ko da an tsince shi lafiyayye a ƙasa, saboda tura saiwar cikin ramin na iya sokar wanda ke ciki, garin neman gira a rasa ido. Wannan ya saɓa da hukuncin haƙorin dindindin na babban yaro, wanda idan ya fice ake so a riƙe shi ta kansa ba ta saiwa ba, a ɗauraye shi a mayar da shi nan take, ko a tsoma shi cikin madara a garzaya asibiti cikin sa'a guda. Mutane da yawa sun ji wannan shawara ta biyu sun ɗauka ta shafi kowane haƙori, kuma ina ganin wannan ruɗani ya cancanci a riƙa warware shi a wuraren awon jarirai.

Sai dai barin haƙori ba ɗaya yake da ƙin zuwa asibiti ba, kuma a nan ne muka gaza. Da mun kai yarinyar a makon da ta faɗi, da an ɗauki hoton wurin an ga inda saiwar ta nufa, an kuma sa mana ranakun dawowa. Idan haƙori ya ɓace daga bakin yaro bayan faɗuwa kuma ba a gan shi a ƙasa ba, wajibi ne a tabbatar da inda ya shiga, domin yana iya nutsewa ƙurmus cikin dasashi, ɓallinsa na iya shigewa cikin naman leɓe, kuma yaro na iya shaƙe shi zuwa huhu. Yaron da ya yi amai ko ya riƙa gyangyaɗi bayan faɗuwar kuwa, maganar kansa ce ke gaba da ta haƙori. Abin da ya rage aikin gida ne: a danne wurin jinin da tsumma mai tsabta, a ba shi abinci mai laushi kamar kunu da fate na mako ɗaya ko biyu, a riƙa share wurin a hankali bayan cin abinci, a kuma duba katinsa a tabbatar ya sami rigakafin cutar sarƙe haƙora idan raunin ya taɓa ƙasa.

Duk abin da na faɗa zuwa yanzu tsautsayi ne, wanda ba ya wuce ranarsa. Akwai kuma raunin da manya ke yi wa bakin jariri da hannunsu da niyyar magani, kuma shi ya fi muni. A ƙasashen gabashin Afirka irin su Yuganda, Tanzaniya, Kenya, Habasha, Somaliya da Sudan, akwai al'adar tone tsiron fiƙoƙin jariri tun ba su fito ba. A Yuganda ana kiran abin ebinyo, a Tanzaniya kuma ana ce musu haƙoran nailan. Idan jariri ya kamu da zawo ko zazzaɓi, sai a buɗe bakinsa a ga ɗan farin tudu a dasashi inda fiƙa ke kwance, a ce tsutsa ce ke sa masa ciwo, a sa wuƙa ko allura mai zafi ko wayar spok ɗin keke a tono shi. Abin da ake fitarwa fari ne mai taushi domin haƙorin bai gama ƙwari ba, wannan kuma sai ya ƙara tabbatar wa iyaye cewa lallai tsutsa ce. Yaran da suka tsira daga zubar jini da shigar ƙwayoyin cuta sukan girma babu fiƙoƙin nono, kuma sau da yawa fiƙar dindindin da haƙorin da ke gefenta sukan fito a lalace ko su ƙi fitowa, domin mai tonon ba ya ganin inda ƙarfensa ke shiga.

Na kawo wannan ne domin tushen al'adar, wato imanin cewa haƙori ne ke kawo zawo da zazzaɓi, yana nan da ƙarfinsa a cikinmu. Uwa nawa ce ta zauna da jariri yana zawo kwana uku tana cewa haƙori ne? Fitowar haƙori na iya sa dalala da ƙaiƙayin dasashi da rigima, amma ba ta kawo zawo mai tsanani ko zazzaɓi mai zafi. Abin da ke faruwa shi ne watannin fitowar haƙori sun zo daidai da lokacin da kariyar da jariri ya samo daga jikin uwarsa take raguwa, ya fara rarrafe yana kai komai baki, aka kuma fara ba shi abinci da ruwa ban da nono. Cire beli da wanzamai ke yi wani babi ne daban, domin beli yana can ƙarshen ganɗa nesa da tsiron haƙora, haɗarinsa zubar jini ne da shigar cuta. Wanda ya fi kusa da zancenmu shi ne ɗure, inda ake matse yaro a tura masa cokali ko ludayi da ƙarfi yana fizge-fizge, har a tsaga siririn naman da ya haɗa leɓen sama da dasashi ko a girgiɗa haƙoran da ba su daɗe da fitowa ba.

Wani raunin kuma ba laifin kowa ba ne. Bakwainin da aka sa wa bututun numfashi ta baki a asibiti yakan fito da lahani a ɓawon haƙoran nono na gaba na sama, kuma binciken da aka yi a Ostireliya a shekarun 1980 ya nuna lahanin ya fi yawa a ɓangaren hagu, inda ƙarfen da likita ke ɗaga harshe da shi yake danne dasashi. Bututun rai yake ceta, ba mai cewa kada a sa shi, amma iyayen irin waɗannan yara ya kamata su san cewa haƙorin da ɓawonsa ya yi rauni ya fi saurin ruɓewa, don haka yana buƙatar kulawa tun fitowarsa.

Ƙanwata ta tambayi likitan ko ruwan unguwarsu ne ya jawo tabon, domin ta taɓa jin labarin Tibiri ta jihar Maraɗi, inda ruwan rijiyar burtsatse mai yawan sinadarin fuloraid ya ɓata haƙora da ƙasusuwan yara masu yawa tun daga tsakiyar shekarun 1980. Ya ce mata bambancin a fili yake. Abin da ya shiga ta ruwa ko ta magani ko ta wata cuta yakan bi jini ya sami duk haƙoran da ake ginawa a lokaci guda, don haka tabonsa yakan fito dama da hagu iri ɗaya, a haƙora da yawa. Tabon bugu kuwa haƙori ɗaya ko biyu yake kamawa, ya bar na gefensu fari tas, kamar yadda na daman yarinyar ya fito ba ko ɗigo.

An ɗauki hoton haƙorin a ranar, saiwar ta nuna a miƙe take tana ci gaba da girma, abin da ya kwantar mana da hankali ƙwarai. Likitan ya share ramin ya cike shi da ciko mai launin haƙori, aikin da bai kai rabin sa'a ba, ya ce cikon zai buƙaci sabuntawa nan gaba yayin da take girma, sannan ya sa mana ranar dawowa idan ta kai shekara 10 don a sake duba saiwar bayan ta kammala. Ƙaninta yanzu yana da wata 13, ya fara sakin bango yana taku biyu zuwa uku. Makon jiya na je gidan na tarar an kira magini ya farfashe kaifin dakalin ya shafe shi ya yi sumul, kuma a bayan katin rigakafin yaron uwarsa ta ja layi da biro, ta rubuta kwanan watan da ya bugi haɓa a gefen kujera da haƙorin da ya yi jini.